Na'urar da ke magana a madadin Baba: yaya za mu kula da batirinta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, kuma duk da sauƙin da Allah ya kawo, harshensa bai saki ba. Yayanmu da ke Faransa ya aiko masa da wata ƴar na'ura mai girman ƙaramin littafi, wadda idan ya danna maɓallanta sai ta furta abin da yake son faɗa. Da farko caji ɗaya yana kai ta dare, amma yanzu, bayan wata takwas, kafin la'asar ta mutu. Muna barinta a jone dare da rana idan akwai wuta, idan kuma aka ɗauke mu kai ta wurin mai cajin waya. Ina kuskurenmu yake, kuma mene ne amfanin ramukan da ke gefenta? Daga wata mai karatu a unguwar Bagalam, Maradi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da shi.

Irin wannan na'ura tana da tarihi. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, ya rasa muryarsa a 1985 bayan tiyata a maƙogwaro, kuma da muryar na'ura ya ci gaba da koyarwa har mutuwarsa a 2018. A cikin irin na'urar Baba akwai ƙaramar kwamfuta mai juya rubutu ko alama zuwa sauti, da lasifika, da batir. Ramin nan zagayayye na gefe, mai faɗin milimita 3.5, na abin saƙalawa a kunne ne, kuma ta nan za ku iya haɗa ta da lasifikar waje idan Baba zai zauna cikin taron suna ko ɗaurin aure. Rami mai faɗi shi ne na USB, wanda ake caji ta cikinsa, siririyar tsaga kuma, idan tana da ita, ta katin ajiya ce. Ki duba ko akwai ɗan huji mai alamar makirfo, domin yawancin waɗannan na'urori Faransanci ko Ingilishi suke furtawa, ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, balle hawa da saukar murya da ke bambanta kalmominmu. Idan tana ɗaukar murya, sai ƙanen Baba ko babban ɗansa ya naɗa masa gaisuwa da buƙatunsa na yau da kullum da Hausar gida, kamar "ina kwana", "a ba ni ruwan alwala", "a kira mini Hajiya".

Batun batir kuwa, kusan duk na'urorin zamani na hannu batirin litiyom suke amfani da shi, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Shawarar da aka saba ji, cewa a bar batir ya mutu murus kafin a yi masa caji, ta tsofaffin batura masu sinadarin nikel ce, kuma ga litiyom cutarwa take yi. Shi abin da ya fi so shi ne ya riƙa zama tsakanin kashi 20 da kashi 80 cikin ɗari. Barinsa a jone bayan ya cika yana riƙe shi a ƙololuwar ƙarfinsa, wato kimanin bolt 4.2 a kowace ƙwayar batir, kuma daɗewa a wannan matsayi yana gajiyar da sinadaran cikinsa, musamman idan ɗakin da zafi.

Zafin nan shi ne abin da na fi zargi a lamarinku. Masu ƙera batirin litiyom suna gargaɗin kada a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45, alhali a Maradi, a watannin Afrilu da Mayu, iskar waje kaɗai tana wuce digiri 40, ga kuma ɗumin da cajin kansa yake haifarwa. Na sha tsayawa a rumfar masu caji da tsakar rana: kwano a sama yana tiriri, wayoyi jibge a kan katako ɗaya, wata kan wata, janareta yana ruri a baya, idan ka taɓa waya sai ka ji ta kamar dutsen guga. Wayar da ta lalace a can ana iya sauya ta, amma wannan na'ura ita ce bakin Baba, don haka ina roƙonki da kada ta ƙara zuwa wurin. Ku yi mata caji da asuba ko bayan isha'i, a ɗakin da ya fi sanyi, a kan tebur ko daɓe, ba a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba, ku cire mata riga idan tana da ita, kuma ku zare ta da zarar ta kusa cika. Kada a bar ta cikin mota a rufe, ko a aljihun babur, ko a bakin taga inda rana ke dukanta.

Don ranakun da babu wuta, ku nemi ma'ajiyar caji mai kyau, wadda ake kira fawabank, a cika ta a wurin mai caji ko da faifan sola, sannan a shayar da na'urar daga gare ta a gida. Ta haka hawa da saukar wutar janareta ba za su kai ga na'urar ba. Ku riƙe cajarta ta asali, ku karanta abin da aka rubuta a jikinta: USB na yau da kullum bolt 5 yake bayarwa, kuma cajar Faransa ta dace da wutarmu mai bolt 220. Rage hasken allo da ƙarar lasifika a cikin ɗaki yana ƙara mata sa'o'i. Da hunturu kuma a ajiye ta cikin jakar yadi, a share ramukanta da busasshen burushi mai laushi, domin ƙurar da ta cushe ramin caji takan sa a ɗauka batir ne ya lalace.

Ƙarfin da batir ya riga ya rasa ba ya dawowa. Ko da kulawa mai kyau, bayan cikawa da ƙarewa kamar sau 300 zuwa 500 yakan fara raguwa a fili, zafi kuwa yana gaggauta hakan. Ki kwantar da na'urar a kan tebur ki duba: idan bayanta ya kumbura, ko murfinta ya ɗaga, ko tana wani wari, ku daina caji nan take, kada a huda batirin ko a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, saboda yana iya kamawa da wuta. Idan babu kumburi, ki ɗauki hoton lambar samfurin da ke bayanta ki aika wa yayanku, ya sayo batir na asali daga kamfanin da ya ƙera ta, ya kuma tambaya ko garantinta bai ƙare ba, tunda ba ta cika shekara ba.