Zuwa ga ƙanenmu mai son zama kwatabak a Amurka

Assalamu alaikum ƙanenmu. Saƙonka ya iso gare mu, yayyenka mazauna Amurka. Ka ce shekarunka 17, kana aji biyar a sakandare a Kano, tsawonka ƙafa shida da inci biyu, kana buga ƙwallon hannu, kuma tun da ka fara kallon wasannin NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, a waya ba ka da buri sai na zama kwatabak, wato mai jagorantar hari da jefa ƙwallo, irin su Patrick Mahomes. Ka ce wani dillali ya nemi kuɗi zai samo maka makaranta, kana son sanin yadda hanyar take. Za mu shimfiɗa maka ita, amma ka riƙe wannan tun yanzu: a duk guraben ƙwallon Amurka, gurbin kwatabak ne ƙarfin jiki ba ya iya biyan bashin shekarun da aka rasa.

Dubi abin da ke faruwa kafin jifa ɗaya. Kowane ɓangare mutum 11 ne, masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. Da an tsayar da wasa, agogon daƙiƙa 40 ya fara. Koci yana faɗa wa kwatabak dabarar da za a yi ta wata 'yar rediyo da ke cikin hular kwanonsa, kuma layin yana yankewa idan saura daƙiƙa 15. Kwatabak ne zai tara sauran goman, ya maimaita musu doguwar jimla ta kalmomin sirri ba tare da ya ɓata ko ɗaya ba, sannan ya tsaya bayan mai miƙo masa ƙwallo ya ɗaga kai. Abin da yake fara nema shi ne masu tsaron can baya, waɗanda ake kira sefti. Idan ɗaya ne a tsakiya, gefuna sun fi buɗewa. Idan biyu ne suka raba filin, tsakiya ce ke da rauni. Zai nuna wani mai tsaro da yatsa don ƙattinsa biyar na gaba su san wanda kowa zai tare. Daga karɓar ƙwallo zuwa sakinsa kuwa daƙiƙa biyu da rabi ne zuwa uku, alhali mutane masu nauyin kilo ɗari da ɗoriya suna tahowa kansa, kuma sau da yawa seftin nan sun canza wuri a daidai lokacin da ƙwallo ya shigo hannunsa, don su yaudare shi.

Jifan kansa ana koyonsa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna kan farin ɗinkin ƙwallon, manuniya ce ke rabuwa da shi a ƙarshe, ita ke sa ya tafi yana juyi kamar katantanwa. Ƙarfin yana tasowa ne daga ƙafar baya da ƙugu, hannu isarwa kawai yake yi. Ja da baya taku uku ne, ko biyar, ko bakwai, kuma kowanne an auna shi da nisan da mai cafkewa zai yi kafin ya juya. Ɗan ƙwallon hannu irinka zai iya gyara jifansa cikin shekara guda. Abin da ba ya gyaruwa da wuri shi ne ido. Sabon kwatabak yakan kafe mutum ɗaya da kallo, sefti ya bi idonsa ya tare ƙwallon. Yakan jira sai ya ga mutuminsa ya kuɓuta kafin ya saki, alhali a lokacin ƙofar ta rufe. Yakan ji tsoron karo ya yi jifa yana jingine baya, ƙwallo ya tashi sama ya faɗa hannun abokan hamayya. Maganin waɗannan duka maimaici ne sau dubbai a gaban masu tsaro na gaske, kuma yaron Teksas ko Jojiya ya fara tara nasa tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sakandare a nan aji 9 ne zuwa 12. Ana wasa daren Juma'a, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, wasanni kamar goma kafin gasar jiha. Kada ka ɗauka wasan yara ne: filin makarantar Allen a Teksas yana ɗaukar mutum 18,000, da ƙungiyar makarantar ne Kyler Murray ya ci kofin jiha sau uku a jere. Kowace makaranta kwatabak ɗaya take sakawa, sauran suna benci. Bidiyon wasannin aji 10 da 11 shi ne jarin yaro. Ana ɗora shi a shafin intanet na Hudl, kamfanoni irin su 247Sports da Rivals suna ba yara taurari daga biyu zuwa biyar, ana zuwa sansanonin jami'o'i a watan Yuni, fitattu kuma su shiga gasar kwatabak ta Elite 11. Babbar jami'a yawanci kwatabak ɗaya take ɗauka a shekara, kuma mafi yawan fitattun sun riga sun yi alkawari kafin su shiga aji 12. Wato a shekarun da kake yanzu, an kusa gama rabon tsararka.

Ga ɗan waje kuma akwai shingaye biyu. Na farko shekaru: jihohi da yawa ba sa barin wanda ya cika 19 kafin 1 ga Satumba ya yi wasan sakandare, kuma wanda ya riga ya kammala sakandare a ƙasarsa yawanci ba ya da hurumi. Kada wani ya ba ka shawarar rage shekaru. In asiri ya tonu, makaranta ta rasa wasanninta, kai ka rasa biza. Na biyu bizar ce. Bizar ɗalibi ta F-1 wata 12 kacal take ba ka a makarantar gwamnati, kuma sai ka biya cikakken kuɗin karatun. Makarantar kuɗi ba ta da wannan iyaka, amma tsadarta sai mai hali. Kafin komai ma ka san cewa a Yunin 2025 Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan, a Disambar shekarar ta ƙara Nijar, ta kuma dakatar da bizar ɗalibai ga 'yan Najeriya. Irin wannan doka tana canzawa, don haka shafin ofishin jakadancin Amurka za ka fara dubawa kafin kobo ya fita daga aljihun Baba.

A matakin jami'a, hukumar NCAA ce ke riƙe da mafi yawan wasan. Rukuni na ɗaya ya kasu biyu: FBS, mai ƙungiyoyi sama da 130 da kake gani a talabijin, da FCS a ƙasansa. Rukuni na biyu yana ba da guntun tallafi, na uku ba ya ba da tallafin wasa ko kaɗan. Akwai kuma kwalejojin shekara biyu, kuma kada ka raina su. Josh Allen ya gama sakandare a wani ƙaramin garin manoma a Kalifoniya ba babbar jami'ar da ta neme shi, ya shiga kwalejin Reedley, daga nan jami'ar Wyoming, sai ga shi na 7 a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL suka yi a 2018. Aaron Rodgers ma ta kwalejin Butte ya bi. Sai dai ka lura, dukansu sun yi shekaru suna kwatabak tun suna yara. Ganinsu ne ba a yi ba, ba iyawa suka rasa ba.

Ba a taka fili sai ofishin tantancewa na NCAA ya amince da takardunka. Yana neman darussa 16 na asali a shekaru huɗun sakandare, ciki har da Turanci shekara huɗu da lissafi shekara uku a rukuni na ɗaya, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 ga rukuni na ɗaya, 2.2 ga na biyu. Tun 2023 hukumar ta daina tilasta jarrabawar shiga jami'a ta SAT, ko da yake wasu jami'o'in suna nema da kansu. Sakamakonka na aji-aji da na WAEC ko NECO su za a duba. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce kakar wasa huɗu cikin shekara biyar. Shekarar da aka ajiye yaro yana koyo ana kiranta jar riga, kuma tun 2018 zai iya buga har wasa huɗu a cikinta ba ta lalace ba.

Benci shi ne babban jarrabawar kwatabak a jami'a, domin ƙungiya tana da kwatabak huɗu ko biyar, dukansu zakaru ne a garuruwansu. Joe Burrow ya yi shekara uku a Ohio State bai samu gurbi ba, ya koma jami'ar LSU a 2018, a 2019 ya jefa ƙwallayen ci 60, ya zama na 1 a zaɓen 2020. Jalen Hurts an cire shi a hutun rabin lokaci a wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2018, ya ƙarasa a Oklahoma, aka ɗauke shi na 53, ya zama gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, a Fabrairun 2025. Sauya sheƙa ya zama ruwan dare yanzu, kuma wannan ya ƙara wa sabon shiga wahala, don koci ya fi son ya ɗauko wanda ya riga ya buga wasa ashirin a wata jami'ar da ya zauna rainon yaro.

Za ka ji ana cewa 'yan wasan jami'a suna samun miliyoyi. Gaskiya ne. Tun 1 ga Yuli 2021 an halatta musu kuɗin talla da sunansu, daga 2025 kuma jami'o'i suna biyansu kai tsaye. Amma bizar F-1 ta taƙaita aikin ɗalibi, galibi ga sa'a 20 a mako a cikin makaranta, don haka ɗan waje yana iya ganin abokin ɗakinsa yana karɓar abin da shi in ya taɓa zai jefa bizarsa cikin haɗari.

NFL ƙungiya 32 ce, kowace tana da mutum 53, kwatabak biyu ko uku a ciki. Lissafa da kanka: ba su kai ɗari ba a duniya. Ba a shiga zaɓe sai an yi shekara uku da gama sakandare. Ana fara tacewa a wasan Senior Bowl a Mobile ta Alabama, sai taron gwaji na Indiyanafolis a ƙarshen Fabrairu, inda ake auna tsawo, nauyi, gudun yadi 40, har da faɗin tafin hannu. Kenny Pickett ya sha surutu a 2022 saboda nasa inci takwas da rabi ne. Abin da ya fi nauyi a wurin su ne likitoci da hirar da ake yi a ɗaki, a zana maka dabara a allo, a goge, a ɗauke maka hankali da wata magana, sannan a ce sake zana ta. Zaɓen zagaye bakwai ne a watan Afrilu, mutum ɗan sama da 250. A 2022 kwatabak tara aka ɗauka, a 2023 sha huɗu. Masu zaɓen ma suna kuskure: Tom Brady na 199 ne a 2000, Brock Purdy na 262, na ƙarshe, a 2022.

Taurarin jami'a da yawa suna faɗuwa a NFL, kuma akwai dalili a jikin filin kansa. Layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu tazarar ƙafa 40 ce tsakaninsu a jami'a, a NFL ƙafa 18 da rabi. A jami'a ke nan gefe ɗaya yakan zama fili fetal inda mai gudu ke kuɓuta, a NFL ƙwallo kullum yana kusa da tsakiya, kafar jifa ta tsuke. Ƙafa ɗaya a cikin fili ta isa a karɓi cafka a jami'a, a NFL sai biyu.

To ina mutanenmu suke shiga? Dubi waɗanda suka zo da girmansu. Christian Okoye ya taso daga Inugu zuwa jami'ar Azusa Pacific a 1982 don jifan faifai, ya fara ƙwallon nan yana ɗan 23, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL, yadi 1,480. Ezekiel Ansah ya zo jami'ar BYU daga Akara don karatu, ya shiga ƙungiyar a 2010, ya zama na 5 a zaɓen 2013 a matsayin mai farautar kwatabak. Karatu da wani wasan ne suka kawo su, kuma guraben da suka samu na ƙarfi da gudu ne. Shirin NFL na 'yan ƙasashen waje da aka fara a 2017, da sansanonin da tsohon ɗan wasan NFL Osi Umenyiora ya jagoranta a Gana a 2022, Kenya a 2023, Legas a 2024, su ma dogaye masu nauyi da sauri suka fi nema. Makarantar NFL da ke Loughborough a Ingila tana ɗaukar 'yan 16 zuwa 19. Har Amurkawan ma ana canza musu gurbi: Julian Edelman kwatabak ne a Kent State, da cafke ƙwallo ya yi suna. Da tsawonka, abin da koci zai fara tambaya shi ne gudunka a yadi 40 da tsallenka, ba jifanka ba.

Idan kuwa jifan ne ranka yake so, akwai ƙwallon tuta: mutum biyar-biyar, ba kayarwa, ana fizge ƙyalle ne daga ƙugu. Zai shiga Olamfik ta Los Anjeles a 2028, kuma Najeriya ce ta ci kofin Afirka, maza da mata, a Alƙahira a 2025. A nan kwatabak ɗan gida yana da gurbi na gaske, kuma ba ya buƙatar biza ya fara.

Game da dillalin naka: kocin jami'a ba ya karɓar kuɗi ya ba da tallafin karatu, kuma takardar I-20 da ake neman biza da ita makaranta ce kaɗai ke bayarwa, kuɗin rajistar ɗaliban waje ta SEVIS dala 350 kai kake biya a shafin gwamnati. Makarantun bogi suna nan. A 2021 wata mai suna Bishop Sycamore a Ohayo ta kai har talabijin ɗin ESPN, aka ci ta 58 da nema, bincike ya nuna ba karatun kirki a cikinta. Ka ce masa ya ba ka cikakken sunan makarantar, ka duba ko tana cikin jerin waɗanda gwamnatin Amurka ta amince su ɗauki ɗaliban waje, ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibanta da kanka ta adireshin da ke shafinta, sannan ka kai takardun ofishin EducationUSA a Abuja ko Legas su duba. Kada fasfonka ya kwana a hannunsa. A gaida su Baba da Umma.