Amanar 'ya'yan mutane a filin kurket

Ƙanena, na saurari saƙon muryarka. Ka ce an damƙa maka yaran Unguwar Rimi ka koya musu kurket, kana tambaya ko da gaske ne a nan Ingila koci ba ya ko jan kunnen yaro, kuma wai mu Hausawan Bamingam mun yarda da haka. Da gaske ne, mun kuma yarda, ko da yake ni da farko da ƙyar na haɗiye.

Kafin a bar ni in tsaya kan yara sai da hukumar DBS ta bincika ko na taɓa aikata laifi. Raina ya sosu. Ni da furfurata, uban 'ya'ya huɗu? Sai na ji ashe malamin Islamiyyarmu ta ranar Asabar shi ma an yi masa, na yi shiru. Kowane kulob da ke ƙarƙashin hukumar kurket ta Ingila da Wales yana da wanda aka naɗa don sauraron koken yara da iyaye. Tamu mace ce, kuma ta taɓa kirana. Ana ruwa na ɗauki ɗan abokina a mota na sauke shi gida, daga ni sai shi. Ta ce ba zargina take ba, amma in riƙa neman babba na biyu, kuma iyaye su san da tafiyar. Ko saƙon waya ma iyaye ake tura wa, ba yaron ba. Da na nutsu sai na ga ai mu ma an raine mu kan gudun wurin zargi, kuma tsarin ya tsare mutuncina kamar yadda ya tsare yaron.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ƙwallon. Na manya nauyinsa kusan giram 160 ne, an ɗinke shi da fata, tauri kamar dutse. A 2014 shi ya sami Phillip Hughes, ɗan wasan kurket na Ostareliya, a wuya ya kashe shi, yana da shekara 25, da hular kwano a kansa. Nan duk wanda bai kai 18 ba, ba ya tsayawa bugu da wannan ƙwallo sai da hula mai garkuwar fuska. Na san tsadarta a Kaduna. In babu, ka naɗe ƙwallon tanis da salatif kamar yadda maƙwabtanmu 'yan Pakistan ke yi, babu abin kunya a ciki.

Mai jifa da gudu kuwa, in ɗan shekara 13 ne, ba ya wuce zagaye biyar a jere, jifa 30 ke nan, ko zagaye goma a wuni, don ƙashin bayansa bai yi ƙwari ba. Nan ake gane koci, domin yaron da ya fi iyawa shi za ka so ka yi ta ba shi ƙwallo a ci wasa.

Bulala da ashar mun aje su, amma ba mu aje gaisuwa ba: yaro zai gaida manya kafin ya taɓa sanda, lokacin sallah kuma a tsaya. Da zafin Maris da Afrilu ka jira sai bayan La'asar, ka tanadi ruwa.

Na ware huluna biyu da yarana suka girme wa, zan aiko maka da mai zuwa gida. Ka gaida Hajiya.