Filin Tambaya da Amsa: In iska na tare hasken gama, me ake kamawa a ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce ina karanta fiziks. Na ji ance hasken gama da ke zuwa daga sararin samaniya baya iya ratsa iskar duniya, shi yasa ake harba tauraron ɗan'adam ya kama shi a can sama. Toh sai kuma na ga ana gina manyan na'urori a ƙasa dan wannan aikin, me suke kamawa kenan, ba asarar kuɗi bane? Kuma dan Allah meye bambancinsa da kosmik re?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, bari in fara da ta ƙarshen. Kosmik re ɓurɓushin ƙwayar zarra ne masu gudu dab da gudun haske, wajen kashi 90 cikin ɗari firoton ne, wato ƙwayar nan mai caji da ke tsakiyar zarra. Victor Hess ɗan Ostiriya ya gano su a 1912, ya hau balanbalan har sama da mita 5,000 ya ga na'urarsa na ƙara ɗauka maimakon ta ragu. Matsalarsu suna ɗauke da cajin lantarki, dan haka maganaɗisun sararin samaniya yana ta karkatar da su, kafin su iso nan sun ɓata sawu. Shi ko gama haske ne tsantsa, mafi ƙarfin duk wani haske, bashi da caji, miƙewa yake sambal, inda kika ga ya ɓullo nan ne gidansu.

Abin da aka faɗa miki gaskiya ne, iska na shanye shi, shi yasa NASA ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Fermi a 2008, yana leƙa duk sararin sama cikin kamar awa 3, akwai kuma na'urar AMS da aka maƙala a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2011 mai ƙirga kosmik re. Amma ga inda gizo ke saƙa, babbar na'urar Fermi faɗinta bai kai mita 2 ba, roka bata ɗaukar abin da ya wuce kima, su kuma waɗannan baƙin iya ƙarfinsu iya ƙarancinsu, mafiya ƙarfin kosmik re sai a shekara 100 ɗaya bai wuce ya faɗo a murabba'in kilomita guda ba. Kin ga in da tauraron ɗan'adam za a jira su ai sai a tsufa ba a ga ko ɗaya ba.

Sai masana suka maida iskar kanta na'ura, kuma ni a wurina nan ne dabarar ta fi burgewa. In gama ko firoton mai ƙarfi ya doki iska can sama sai ya haifar da wasu ɓurɓushi, su ma su haifi wasu, haka dai har su yi tururuwa su zubo kamar yayyafi, kuma da yake gudunsu ya wuce yadda haske ke gudu a cikin iska (a cikin iska fa nace, kar ki je ki ce an karya dokar Einstein mai cewa ba abin da ke wuce gudun haske a sararin da ba komai) sai su saki wani shuɗin walƙiya da ake kira hasken Cherenkov, wanda baya wuce 'yan nanosakan (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Ido baya ganinsa, sai manyan madubai da kyamara mai saurin gaske, yawanci a daren da ba farin wata. Aikin H.E.S.S. kenan a Namibiya, teleskof 5, babbansu faɗin mita 28, da MAGIC a tsibirin La Palma. A 1989 aka fara tabbatar da hanyar a Whipple ta Arizona, da aka kamo gama daga Crab Nebula, ragowar tauraron da mutanen Sin suka rubuta ganin fashewarsa a 1054. Daga siffar walƙiyar ake gane gama ne ko firoton, da kuma ta ina ya shigo.

Wasu basu jiran dare, tankunan ruwa suke jerawa ɓurɓushin ya ratsa ya yi hasken a ciki. Cibiyar Pierre Auger a Ajantina tana da tanki sama da 1,600 a fili mai murabba'in kilomita 3,000. LHAASO kuma tana kan tsauni a lardin Sichuan na ƙasar Sin, sama da mita 4,400.

Batun asara kuwa, a'a gaskiya, kowa da gonarsa: tauraron ɗan'adam na kama masu matsakaicin ƙarfi da suke da yawa, na ƙasa na kama ƙattin da ba kasafai ba. Kuma gama ne ke tona asirin kosmik re, dan in firoton ya yi karo da gas kusa da inda aka cilla shi yakan haifar da gama mai wata alama ta daban. Ita Fermi ta gani a 2013 a ragowar taurari biyu da suka fashe, IC 443 da W44, aka tabbatar irin wuraren nan na cilla firoton. A 2017 kuma Auger ta nuna kosmik re masu ƙarfi na ƙoli daga wajen gungun taurarinmu suke zuwa.