Man kifi zai dawo da ganin Baba?

Wata 'yar'uwa daga Funtuwa ta rubuto: "Mahaifina yana da hawan jinin ido, ido ɗaya ya riga ya mutu. Mai talla a WhatsApp ya ce kifi yana sake tsirar da jijiyar idonsa, don haka ƙwayar man kifinsa tana dawo da gani. In saya?"

Allah ya ba Baba lafiya, amma kada ki saya. Batun kifin gaskiya ne, da shi ya kama ki. Tun 1963 masana kimiyya Roger Sperry da Attardi suka nuna cewa in aka yanke jijiyar ganin kifin ado mai ruwan zinariya, zaruruwanta sukan sake tsirowa, kowanne ya koma mazauninsa a ƙwaƙwalwa. Ɗan kifin zebra, in aka murƙushe tasa, cikin makonni kaɗan yake ci gaba da gani. Daga baya jikinsa ya sake naɗe zaruruwan da mayalin, wato rufin kitse mai kama da robar jikin wayar lantarki, wanda ke sa saƙo ya yi sauri.

Wannan aikin ƙwayoyin halittar kifin ne, ba ya bin mai ko tsoka ya shiga cikin wanda ya ci. Jijiyar ganin mutum tana da zare sama da miliyan ɗaya, wanda ya mutu ya tafi ke nan. Abin da ke ƙona min rai, kuɗin da ake zuba wa 'yan talla shi ne kuɗin ɗigon da zai tsare idon da ya rage. A kai Baba asibitin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, a auna matsin idon. Na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21. In an rubuta latanoprost, maganin rage matsin, ɗigo ɗaya ne da dare, kwalbar da ba a buɗe ba a firji take zama. In timolol ne, ki faɗa wa likita ko Baba yana da asma. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki guji kwalbar da ta sha rana a tiren kasuwa. Ɗigon da ke da dexamethasone, wanda ake saye barkatai don jan ido, yana iya ƙara matsin.

Wani daga Maraɗi ya ce ya karanta cewa clemastine yana gyara mayalin, ko ya nema?

A'a, malam. Maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. A gwajin da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2017, an ba masu cutar MS, wadda ke lalata mayalin, su 50, saƙon jijiyar gani ya ƙara sauri ɗan kaɗan, gajiya kuwa ta dame su. Bai tayar da matacciyar jijiya ba.

Mai tambayar ko cin idon kifi yana ƙara gani: ci kifinka, abinci ne mai kyau. In hazo kake gani, je a duba, wataƙila yanar ido ce, ita kuwa tiyata ke cire ta.