Tambaya da Amsa: Wayoyin Jigon Jirgin Iska

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa mita 7. Da zarar iska ta yi ƙarfi sai wayoyin da ke riƙe da jigo (dogon sandan da ke ɗauke da ƙyallen kama iska) ta ɓangaren da jirgin ya karkata su saki, su yi ta reto, kan jigon kuma ya lanƙwashe. Mene ne gyaran?

Amsa: Malam, ɗan sassauci a wayar wancan ɓangare ba laifi ba ne idan jirgi ya karkata kamar digiri 20. Reto shi ne matsala, domin duk lokacin da jirgi ya daki igiyar ruwa, wayar fizga take yi, fizgar nan kuwa ita ke gajiyar da ƙarfe. Dogayen wayoyinka na gefe, masu kaiwa kan jigo, su ne ba su ɗauru ba.

Ka fara aikin jirgi na tsaye, ranar da babu iska. Sassauta gajerun wayoyi na ƙasa. Sai ka ɗauki igiyar da ke ɗaga babban ƙyalle ka auna da ita zuwa ƙarfen da waya ke kamawa a dama, ka sake aunawa a hagu. In tsawon ya zo ɗaya, kan jigo na tsakiya.

Daga nan ka ɗaure da awo, kada ka dogara da ƙarfin hannu. Manna rula mai mita 2 a jikin wayar da salatif ta sama kawai, ƙasanta na zaune a kan bakin maɗauri, wato ƙarfen da ake juyawa a ƙasan waya don a ɗaure ta. Wayar ƙarfe maras tsatsa mai sili 19 tana miƙewa milimita 1 a mita 2 duk lokacin da aka ja ta da kashi 5 cikin 100 na ƙarfin da zai tsinke ta. Kashi 15 ake nema, wato giɓin milimita 3 tsakanin ƙasan rula da bakin maɗauri. In hannuwan jigonka (sandunan da ke tokare wayoyi daga jikin jigo) sun karkata baya, ka kai milimita 4. Ka riƙa juya maɗauran dama da hagu daidai wa daida, kana ƙirgawa. Riƙe wayar da sifana don kada ta murɗe, ka kuma shafa giris a haƙoran maɗauri. Ƙarfe maras tsatsa yana cije wa kansa in ya bushe.

Yanzu ka ɗaure gajerun, ka kafa ido a gindin jigo kana duban sama har ya miƙe sak. Sauran gyara a kan ruwa ake yi, a ɓangaren da ya saki, rabin juyi rabin juyi. Ka mayar da fil-fil ɗin da ke hana maɗaurai warwarewa in ka gama. In kuwa kana ɗaurewa tana sake saki, dakata: duba ƙarƙashin gindin jigo, wataƙila wurin ne ke lotsawa.

Tambaya: Na ga tsatsa da sili ɗaya da ya tsinke a inda waya ta shiga bakin ƙarfenta na ƙasa. Zan iya naɗe shi da salatif?

Amsa: A'a, kada ka fita da jirgin nan. Ruwan gishiri yana gangarowa ya kwanta a wannan baki, ya ci wayar daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Salatif ƙara riƙe danshin zai yi. Sauya wayar tare da 'yar'uwarta ta ɗaya ɓangaren, tunda aiki ɗaya suka sha. In sun kai shekara 10, sauya su duka.