Tambayi Likita: Gajiyar Bayan Sallah, Zaman Tsufa da Masar Baba

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar a unguwar Jekadafari, Gombe. Tun jajibirin Babbar Sallah ban zauna ba, daga gyaran kayan ciki sai suyar nama, sai girkin baƙi, sai gaishe-gaishen dangi har Kumo. Yau mako biyu da Sallah amma jikina a mace yake, kaina na sarawa, da rana in yi ta gyangyaɗi, da dare kuma ido biyu. Ina shan haɗin maganin gajiya da mai kemis ke ba ni, amma babu sauƙi.

Amsa: Wa alaikumus salam, sannu da hidima. Abin da kika lissafa ya isa ya kayar da mai lafiya. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare, kuma wanda ya yi kwanaki yana samun awa huɗu ko biyar ya ci bashin da barcin dare ɗaya ba ya biya. Ki haɗa da tsayuwar yini a gaban wuta, inda gumi ke kwashe ruwan jiki, da nama mai maiƙo, da lemon kwalba, da shayi ko goro bayan magariba, za ki ga daga inda ciwon kan da rashin barcin suka fito. Ki tsayar da lokaci ɗaya na kwanciya da na tashi, ki taƙaita ƙailula zuwa rabin awa kafin la'asar, ki riƙa shan ruwa har sai fitsarinki ya yi haske.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne haɗin kemis ɗin. Irin waɗannan ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba tare da suna ba, galibi akwai diclofenac ko ibuprofen a cikinsu, wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone. Biyun farko suna iya jawo gyambon ciki su kuma taɓa ƙoda, biyun ƙarshe kuma suna tayar da suga da hawan jini, su kumbura fuska har mutum ya zaci ƙiba ya yi. Idan kwanaki kaɗan kika yi kina sha, ki daina yau. Idan kuwa kin haura mako uku kina sha kullum, ki kai sauran ƙwayoyin asibiti a duba, domin akwai wanda ba a yanke shi lokaci guda. Tun da gajiyar ta kai mako biyu, ki yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, da na ƙarancin jini, da na suga, a kuma auna hawan jininki. In al'adarki ta yi jinkiri, a haɗa da gwajin ciki. Sallah mai zuwa kuma a raba aikin, don samarin gida ba su fi ƙarfin yanka nama da hura wuta ba.

Tambaya: Likita, shekaruna 71, uwargidana 64, mun shekara 46 da aure a Azare. 'Ya'ya duk sun kama gabansu, saura mu biyu da jika ɗaya. Yanzu kullum sai mun yi saɓani: tana cewa ba na sauraronta, ni kuma na ga tana maimaita tambaya ɗaya sau uku, tana ajiye kuɗi ta manta. Tsufa ne wannan ko ciwo?

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zan fara da ku kafin in zo kan Hajiya, domin ƙorafin da take yi na cewa ba kwa sauraronta yana iya zama maganar kunne, ba ta hali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana mu'amala. Raunin yana farawa ne da siraran sautuka, shi ya sa dattijo zai ji muryar limami sarai, amma muryar matarsa da ta jikokinsa su riƙa shige masa, ya ji ana magana bai gane abin da ake faɗa ba. Wani lokacin dattin kunne ne kawai ya toshe, wanda ake wankewa cikin 'yan mintoci. Ku je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinku, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, kuma ku daina sa tsinke ko gashin kaza a kunne. Kafin nan, ku roƙi Hajiya ta riƙa fuskantarku idan za ta yi magana, ta yi a hankali ba da ɗaga murya ba, a kuma rage rediyo. Mai yiwuwa ma wasu tambayoyin da take maimaitawa ba ta sami amsarsu ba ne tun farko.

Game da mantuwa, akwai wadda take tafiya da shekaru, kamar a manta inda aka ajiye makulli ko sunan wani, daga baya a tuna. Wadda ke buƙatar likita ita ce mai taɓa ayyukan da mutum ya saba: ta bar tukunya a wuta har ta ƙone ba sau ɗaya ba, ta kasa haɗa miyar da ta shekara arba'in tana yi, lissafin raka'o'i ya riƙa kwance mata a kowace salla, ko ta ɓace a hanyar gidan 'yar'uwarta. Ko a nan ma ba a yanke hukuncin ciwon mantuwa sai an bincika abubuwan da ke da magani, irin su raunin aikin ƙwayar thyroid da ke gaban wuya (wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo), da ƙarancin sinadarin B12, da suga, da hawan jini, da illar wasu magunguna, da kuma damuwa. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Macen da ta saba da gida cike da yara, ta wayi gari tsakar gida tsit, tana iya shiga ƙuncin da ke fitowa a siffar mantuwa da saurin fushi. Ina kuma roƙonku, kada ku bari wani ya fassara lamarin da sammu ko iska, balle a jefe ta da wata kalma. Tsofaffin mata da yawa sun sha wulaƙanci a kan ciwon da asibiti ne wurinsa.

Shawarata ita ce ku je asibitin tare, rana ɗaya, kowa da ledar magungunansa, domin mai zama da mutum yakan ga abin da mara lafiya bai gani ba. Kada ku sha maganinta don ciwonku ya yi kama da nata. Ku sa fitila a hanyar banɗaki, a kafa abin dafawa a ciki, a gyara duk inda ke da santsi, saboda karayar ƙugu tana kwantar da tsoho kwanciyar da ba kowa ke tashi ba. Ku riƙa taka ƙafa na rabin awa bayan asuba ko da yamma, ita ma ta yi nata ko da zagayen tsakar gida ne. Idan kuwa ɗayanku ya rikice farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Mahaifinmu a Bauchi yana da ciwon suga da hawan jini. Mun hana shi masa, fura da balangu, sai acca da dafaffen ganye muke ba shi. Ya rame, ba ya cin kirki, kuma mun gano yana aiken yara Wunti su sayo masa masa a ɓoye. Yaya za mu yi da shi?

Amsa: Malama, niyyarku mai kyau ce, amma hanyar ba za ta ɓulle ba. Mutumin Bauchi da ya tashi da masa ba za a raba shi da ita da tsawa ba, kuma cin da yake yi a ɓoye ya fi haɗari, tun da ba ku san adadin ba. Ita ma accar da kuka dogara da ita hatsi ce, idan aka cika faranti za ta ɗaga suga. Matsalar masa ita ce farar shinkafa da sukarin da ake zubawa a ƙullu da man da take sha, saboda haka ku toya a gida ba sukari, da ɗan mai kaɗan, ku ba shi ƙanana biyu ko uku da miyar taushe mai yawan alayyafo, ba kullum ba. Fura ma ya sha ƙaramin kofi da nono ba sukari, kuma zuma ba mafita ba ce, ita ma tana ɗaga suga. Balangu a zaɓi tsoka a cire kitse, a rage yaji, domin yajin masu nama cike yake da gishiri da ɗunƙule.

Gishirin nan shi ne abokin gabar mai hawan jini. Abin da ake so kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙule da kanwar ɗanwake. A rage shi a tukunyar gida gaba ɗaya, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, maimakon a ware wa Baba kwano na daban wanda zai sa ya ji kamar horo ake yi masa.

Ramar tasa kuma a gaya wa likitansa, domin tana iya zama daga yunwa, tana iya zama daga sugan da bai daidaita ba. Idan yana shan maganin suga mai suna glibenclamide ko ana yi masa allurar insulin alhali ba ya ci, sugansa na iya faɗuwa, ya kama rawar jiki da gumi da ruɗewa. In haka ta faru yana cikin hayyacinsa, a ba shi ruwan sukari nan take sannan a kai shi asibiti. Idan kuna da na'urar gwaji a gida, ku auna shi awa biyu bayan ya ci masar: in bai kai 180 ba a ma'aunin mg/dL, adadin ya yi masa, in ya haura a rage ɗaya a sake gwadawa wata rana, ku rubuta sakamakon ku tafi da shi ranar ganin likita.