Amsar tambayarka kan masuntan Elmina da ranar Talata

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa da wuri ba don maganar tana son zama, sai yau bayan isha'i na samu natsuwa. Ka ce kun taso daga makarantarku ta Kef Kos kai da abokanka kun je Elmina, garin masunta a bakin tekun Ghana, don ku ga kwale-kwale suna fita teku, kun isa sai kuka tarar duk an ɗaure su, aka ce muku ai yau Talata ba a shiga ruwa, har wani a cikinku ya ɗaga murya a gaban mutane ya ce wannan camfi ne da shirka. Shi ne kake tambaya mene ne asalin abin, kuma in Musulmi ya girmama dokar ya yi laifi ko bai yi ba.

Toh bari in fara da abokin naka, wallahi raina ya ɓaci da na karanta wurin nan. Shekara goma sha ɗaya na yi ina sarin kifin banda a bakin ruwan nan ina kaiwa Kumasi tun kafin a yi auren mahaifiyarka, matan Fanti, ƙabilar da ke bakin ruwan, sun ba ni kaya bashi ba takarda ba shaida, sun ajiye min kuɗi, wata ta yi jinyata da na kwanta zazzaɓi, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa ce min don me kake shimfiɗa buzu kana salla a bayan rumfarmu. Sai yaro ya zo daga makaranta rana ɗaya ya tsaya a kan gaɓarsu yana zagin abin da kakanninsu suka bar musu. Ka gaya masa ya buɗe Suratul An'am aya ta 108, Allah da kansa ya hana mu zagin abin da wasu suke kira koma bayansa don kar su ma su rama da jahilci. Abin da malaminmu na zango ya koya mana kenan kuma a kansa muka zauna lafiya, ba ka zuwa wurin yankansu, ba ka cin naman, ba ka zuba giya a ƙasa tare da su, amma in sun ce yau ba a shiga teku to kai ma ba ka shiga, don tekun a hannunsu ka same shi kuma dokar gari ce. Zuciyarka na nan a kan tauhidi ba abin da ya taɓa ta.

Asalin abin a bakinsu shi ne suna cewa Talata ranar abin bautarsu na teku ce, Fanti na kiransa Bosompo, a ranar yake hutawa ba ya son a dame shi, wanda ya fita kuwa zai ga abin da bai so ba. Ankarawa ma, wato mutanen Ankara (Accra) babban birnin ƙasar, can Jemiston da Chorkor haka suke yi, nasu na teku Nai suke ce masa. Wannan imaninsu ne, yau ma da yawansu Kiristoci ne suna zuwa coci amma ba su saki Talatar ba, kuma akwai mai tsare dokar, shi ne sarkin masunta da suke kira apofohene, in ka karya za a kai ka gabansa a ci ka tara, wani lokacin har a riƙe maka taru. Kar abin ya zame maka baƙo, mu ma muna da Sarkin Ruwa, a Argungu ba kowa ke faɗawa kogin Matan Fada da koma yadda ya ga dama ba sai an buɗe ruwa, duk inda mutane ke ci daga ruwa za ka tarar sun yi wa kansu ranar da za su ɗaga masa ƙafa.

Ni kuma da na zauna da su na ga me Talatar take yi musu. Mutumin da ya kwana biyar shida yana kokawa da igiyar ruwa, ranar ce yake zama da iyalinsa, ranar ake baza taru a ƙasa ana ɗinke inda ya yage, a toshe inda jirgi ke yoyo, a kwance inji a wanke, ranar ake zaman rabon kuɗi tsakanin mai jirgi da yaransa, rigimar da aka yi a tsakiyar teku wani ya yanke wa wani taru duk sai Talata ake kai ta gaban dattawa. Ka lissafa, Talata 52 a shekara ba wanda ya taɓa kifi. Gwamnati sai a 2019 ta fara rufe wa masu kwale-kwale teku na wata guda saboda kifin ya ja baya, an yi ta ƙorafi a kai, amma ka ga hutun da masana suka zo suna wa'azinsa tsofaffin nan sun daɗe suna yinsa mako mako.

Saboda haka ni a ganina ba ku yi asarar kuɗin mota ba, kun dai je a ranar da ta fi kowace rana kyau ba ku sani ba, baƙo ko da ido makaho ne. Ranar da ake fita kowa a guje yake ba mai lokacinka, ranar Talata kuwa tsoho na zaune da allurar taru a hannu, in ka yi gaisuwa ka tsuguna zai ba ka labari har ka gaji. Ka koma, kuma don Allah wannan karon da ƙafa za ka zaga garin, kar ka yi irin na masu zuwa a bas a sauke su a ƙofar kasil, tsohon sansanin nan na Turawa, a kwashe su bayan awa ɗaya su ce sun ga Elmina. Su mutanen garin ma Edina suke kiransa.

Ka sauka tun kafin gada da sassafe, ka tako a hankali har kan gadar da ta ratsa tafkin Benya, ka tsaya nan tukuna. Za ka ga jirage cunkus jiki da jiki har ruwan ba ya ganuwa, kowanne da tutoci da rubutu a gefe, wani ayar Baibul wani sunan kulob ɗin ƙwallo, wani kuma Gye Nyame, ma'anarsa sai Allah, kaga ashe ba mu yi nisa da juna ba a nan. Ka lura da ƙasan jirgin da kyau, gungumen itace guda ne aka fafe, itacen wawa suke ce masa, daga kurmi can ciki ake sassaƙo shi a ɗauko a mota, sai an kawo bakin teku kafinta ya ɗora katako a gefe ya ƙara masa tsayi. Da can filafili da tanti suke amfani da su, injin da kake gani a rataye daga baya ya shigo, tsofaffin da na tarar suna ba da labarin yadda hannu ke kumbura kafin a kai inda kifi yake. Mutanen nan da irin wannan jirgi suka bazu har Abijan da Laberiya da Gambiya, kuma zamanin da ba tashar jirgi su ne ke fita su sauke kaya da mutane daga manyan jiragen Turawa su ratso igiyar ruwa da su.

Kana ƙetare gada ga kasil nan fari fat. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482 saboda zinariya, Turawan Holan suka ƙwace a 1637, su kuma suka miƙa wa Ingila a 1872. Ka shiga ka biya kuɗin ƙofa ka bi mai zagayawa da mutane, amma ka shiga da natsuwa, kar ka yi dariya ko ɗaukar hoton gayu a ɗakunan ƙasa. Ni sau ɗaya na shiga ɗakin da ake kulle mata da 'yar ƙofar nan da ake fitar da bayi zuwa jirgi, ban iya cin abinci ba ranar. Kuma kar ka ɗauka labarin wasu ne, cikin waɗanda aka tsare a irin gidajen nan akwai mutanen arewa da aka koro da ƙafa, kuma kasuwar Salaga da kakanninmu ke zuwa fataucin goro ana sayar da mutane a cikinta, wannan gaskiya ce ko da ɗaci. A kasil ɗin ne kuma Turawa suka tsare Prempeh sarkin Tonawa, wato Asante, a 1896 kafin su wuce da shi Saliyo daga nan tsibirin Seshel.

In ka fito ka dubi filin da ke gefen kasil ɗin, fili ne kawai ba komai, amma nan ne tsohon garin yake, Turawan Ingila suka yi masa ruwan igwa suka ƙone shi a 1873 don wani ɓangare na mutanen garin sun ƙi su suna tare da Tonawa. A yaƙin nan na 1873 zuwa 1874 aka kawo sojojin Hausa daga Legas, wasunsu ba su koma ba, daga cikinsu da fatake aka samu tushen zangunan bakin teku. Kaga zuwanmu nan ma yana da nauyinsa, shi ya sa manyanmu suka koya mana sunkuyar da kai a garin.

Daga nan ka hau tudun San Jago, hawan zai sa ka haki amma ka daure. Daga kan tudun nan Holan suka saita igwa suka karɓe kasil daga Fotugal, sannan suka gina nasu sansanin a kai don kar wani ya yi musu abin da suka yi. Kana sama za ka ga komai a tafin hannunka, teku da tafki da rufin gidaje da hayaƙin banda, da filayen da ake shanya ruwa ana kwasar gishiri can bayan tafki. In ka sauko cikin unguwa ka nemi maƙabartar Holan, sannan ka riƙa duba gine ginen da ake kira posuban, na ƙungiyoyin asafo ne wato mayaƙan gari na da, kowace ƙungiya da nata, akwai wanda aka ɗora masa jirgin ruwa sukutum na siminti a sama da matuƙa a tsaye. Ka kalla daga waje, kar ka hau kar ka jingina, wurin ibadarsu ne. Akwai kuma tudun Java, inda sojojin da Holan suka ɗiba daga nan zuwa Indonesiya tsakanin 1831 da 1872 suka zauna bayan sun dawo, da yawansu ma asalinsu bayi ne 'yan arewa da aka samo ta Kumasi.

Sai wurin mata, nan ne ainihin inda nake so ka daɗe. Namiji ke shiga teku amma da kifi ya taɓa ƙasa ya zama na mata, suna da shugabarsu konkohemaa, ita ke zama a yanke farashin ranar, kuma sau tari kuɗin man inji da abincin da masunta ke tafiya da shi daga ɗaurin zanin wata uwa ya fito, in an dawo ita za a fara ba kifi. Ka dubi murhun bandarsu, na laka mai faifan waya da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, wannan shi ne murhun Chorkor da aka fito da shi a 1969 a Ankara, ya rage cin itace sosai. Lokacin da kifin eban, wato sadin, ke zuwa, daga Yuli zuwa Satumba da ruwa ya yi sanyi, da matan nan ba sa barci, wuta ba ta mutuwa dare da rana. Yanzu ka tambaye su ka ji, manyan jirage masu jan taru sun yi shekaru suna kwashe ƙananan kifi suna daskarar da shi suna sayarwa a tsakiyar teku, abin da ake kira saiko, ga masu kunna fitila da dare suna jawo kifi har da 'ya'yansa, duk doka ta hana amma an daɗe ana yi, jirgi ya ƙona mai ya dawo da abin da bai cika kwano biyu ba. Abin yana ci min rai don na ga lokacin da ake kyautar kifi ga duk wanda ya sa hannu aka ja jirgi.

Ladabin wurin kuwa ba wuya. Kafin ka shiga rumfar mutane ka ce agoo ka jira a ce amee, da safe ka ce mema wo akye, in an yi maka abu ka ce medaase, wannan kaɗai zai buɗe maka fuska. Kar ka tsallake taru ko igiya da aka shimfiɗa, ka zagaya, kar ka zauna a kan jirgin mutum sai ya ce ka zauna, kar ka miƙa kuɗi ko ka nuna mutum da hagu, waya kuma ta zauna a aljihu sai ka nemi izini, sun gaji da masu ɗaukarsu hoto kamar kayan kallo. In ka ga ana jan jirgi ana waƙa ka kama igiya ka ja tare da su.

In kana nan har Yuli, Talatar farko ta watan ake bikin Bakatue, wato buɗe tafki, kafin nan an yi makonni an hana kamun kifi a Benya, ranar sai a jefa taru sau uku a buɗe ruwa, mata su cika jirage da kente. Ka tsaya kan gada ka yi kallon jiragen, wurin yanka da zuba giya ka ja baya, azahar ta yi ka tambayi hanyar zango ka yi sallarka.

Ka tafi da abokin nan naka in zai yarda, ku fara zuwa inda ya yi maganar ya ba dattawan haƙuri, ko ba su gane shi ba su sun san an yi. In za ka zo hutu ka sayo wa mahaifiyarka eban na banda, ka zaɓi wanda ya bushe har yana ƙara in ka lanƙwasa shi, mai laushi ba ya kai Kumasi. Ka gaida malamanka, Allah ya yi maka albarka.

Kawunka